Inshorar Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan da tsayuwar wurin aiki ta jawo maka, ya sa albarka a abin da kake nema a can. Mu nan duk lafiya lau muke, sai kewarku. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta, ta ce kowa ta aika sai an cuce shi. Tana kuma ƙorafin cewa wayarka ba ta wuce minti biyar, rabi ma tambayar ko ta sha magani ne. Yaya Nas an mayar da ita aiki a ɗakin haihuwa na asibitinsu, ta rame amma tana son wurin. Surukinka maigidana ma yana nan lafiya, aiki ya ɗan buɗe masa tunda zafi ya shigo, kowa ya tuna yana da firji mai neman gyara.

Saƙonka ya iso mini ta bakin Inna, cewa a sayar da motar Baba kowa ya huta. Na so in kira ka a ranar, sai na fasa, domin na san halina: da zarar ka kira sunana da muryar nan taka ta babban wa, duk abin da na shirya faɗa sai ya gudu, in ɓuge da cewa to. Shi ya sa na zauna na rubuto. Ka daure ka karanta har ƙarshe, na yi alkawari ba zan ƙara masa gishiri irin na littattafan da nake karantawa ba.

Ranar Talata ce, yau mako shida ke nan. Ka san shekara biyu yanzu ina kai yaran maƙwabta makaranta a motar Baba, Giwa, ina ɗauko su. Da 'yar mai ɗinkin layinmu aka fara, don hanya ɗaya ce, a hankali suka zama biyar, iyayensu mata kuma kowane wata sukan haɗo mini ɗan abin da muke kira kuɗin mai. A ranar an wuni ana ruwa. Na ɗauko su, mun zo kwanar gidan burodi, inda ramin nan yake wanda kowa ya san da shi yake kauce masa, amma ruwa ya shafe titin gaba ɗaya, ba ka gane rami da tudu. Tayar gaba ta faɗa, sitiyari ya ƙwace daga hannuna, sai ji na yi mun daki gefen motar mai kai burodi da ke tsaye a bakin hanya. Inna har yau tana zargin littafi nake karantawa. Wallahi Yaya yana cikin ɗan akwatin gaban mota a rufe, a bakin makaranta kawai nake karatu, in ina jiran a tashe su. Abin da na fara yi shi ne waiwayawa in duba yaran ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ƙwarzane a jikin kowa. Da suka gama ihu, ƙaramar cikinsu ta leƙa ta ga burodi a zube, ta tambaye ni ko yanzu ya zama namu. Mai motar dattijo ne, sai da ya fara zagayowa ya duba yaran, ya yi hamdala, sannan ya juya ya ga ƙofar motarsa ta lotsa ciki kamar an taka gwangwani, ya ɗora hannu a ka.

Ni kuwa ban tsorata ba, har ina ba shi baki ina cewa ya kwantar da hankalinsa, muna da inshora. Kuma gaskiyata nake faɗa. Tun da Baba ya rasu, shekara uku ke nan, ban taɓa bari kwana ɗaya ya wuce ba. Watan biya na kamawa nake ɗaukar jakar fatar nan tasa ta takardu, in je in bi layi in biya harajin mota, in tsallaka in biya inshora, in jera rasit a bayan na bara kamar yadda yake jerawa. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban canza sunan da ke kan takardun ba. Yaya Nas ta taɓa yi mini maganar, na ce mata canjin suna kuɗi ne, kuma haka ne, amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai yau, shi ne ina son in ga an buga sunan Baba sabo a takarda, da kwanan watan bana a gefensa. Sai in ji kamar akwai ofishi ɗaya a duniya inda har yanzu yake da rai, yana biyan abin da ke kansa a kan lokaci. Nakan zauna a mota in yi ta kallon takardar kafin in tayar.

Bayan kwana uku kamfanin ya turo ma'aikacinsa garejin bakanike ya duba ɓarna. Surukinka yana wurin aiki, ni kaɗai na je. Saurayi ne mai tsabta da tabarau, mai sanyin murya, irin wanda a littattafaina shi ne yake bayyana a babi na bakwai ya fitar da mutum daga wahala. Ya zagaya motocin biyu, ya ɗauki hoto, sannan ya tambaye ni ina mai motar. Yaya, da na ce masa ba ya nan na yi shiru, wataƙila da ba ka karanta wannan takarda ba. Amma ka san ƙanwarka. Na ja masa benci, na faro masa tun daga ranar da Baba ya shigo da Giwa gida muna ƙanana muka ƙi fitowa daga cikinta har dare, na zo kan jinyarsa, da yadda ya miƙa mini makulli a asibiti, da yadda na koyi tuƙi da ita, da yadda yaran suka fara, har da nawa iyayensu suke ba ni da yadda nake jin kunyar karɓa. Yana ta rubutu yana gyaɗa kai, har ya ce Allah ya jiƙan Baba. Ni a zatona labarin ne ya taɓa masa zuciya.

Mako biyu bayan nan wasiƙarsu ta iso, layi shida. Sun ce ba za su biya ko sisi ba, saboda dalili biyu: wanda aka yi yarjejeniyar da sunansa ya rasu, kuma inshorar ta motar gida ce, alhali ana ɗaukar fasinja da ita ana karɓar kuɗi. Surukinka ya karanta sau biyu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi da shi ne a wurin da ya ce wa mutumin mai motar ya yi doguwar tafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Na yi dariya ina kuka. Washegari ya ɗauki kuɗin da ya daɗe yana tarawa don sayen injin zuba wa firji iska, ya kai wa mai walda da mai fenti aka gyara wa dattijon nan ƙofarsa, domin kowace ranar da motarsa ta yi a tsaye abincin gidansa ne ya tsaya. Ragowar ta tafi a gaban Giwa. Bai taɓa yi mini gori ba, amma duk ranar da na ga ya fita aron injin wurin abokinsa sai in ji kamar in nutse.

A makon ne na zauna na karanta takardar inshorar daga farko har ƙarshe. Shafi huɗu ce kacal, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ni da nake cinye littafi mai shafi ɗari uku a kwana biyu, in faɗa maka launin rigar da kowa ya sa, shekara uku ina ɗauke da wannan a jaka ban taɓa wuce layin da sunan Baba yake ba. Duk abin da suka faɗa yana nan a shafi na uku. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma laifina na ɗauka, ba na neman wanda zan ɗora wa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. A shekarar farko, da bakina na faɗa wa matar da ke karɓar kuɗi a kantar cewa mai sunan ya rasu, ni 'yarsa ce. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta buga hatimi, ta ba ni rasit. Sau uku suna karɓa babu wanda ya tambayi ko yana numfashi. Sai ranar da aka ce su fitar sannan suka tuna ana mutuwa. In yarjejeniyar ta mutu tare da Baba, to kuɗin me suke karɓa? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Daga nan na tafi ofishin harajin mota in ji abin da ake bukata don a gyara komai. Nan ma na koyi abin da ban sani ba. Ashe da girman inji da tsufan mota ake yanka harajin. Giwa tsohuwa ce, injinta babba, saboda haka abin da nake biya ya fi na mai gidan da muke haya, wanda sabuwar motarsa ko ƙara ba ta yi in ta wuce. Wato wanda bai da halin sayen sabuwa shi ake ƙara wa kaya. In kuma aka mayar da ita motar haya, harajin zai ninka, inshorar ta kusa ninka uku, daidai da mai taksin da yake kan titi tun asuba har isha, alhali ni sau biyu nake fita a yini, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba. Na tambayi ma'aikacin, tunda harajin hanya suke kiransa, me ya sa ramin kwanar gidan burodi ya girmi auren nawa. Ya cire tabarau ya ce shi karɓa aka sa shi, ba cike rami ba, kuma in na ga mai cikewar in faɗa masa, don shi ma babur ɗinsa ya taɓa kwana a wurin mai gyara saboda ramin. Har yau ramin yana nan, wani bawan Allah ya dasa tsohuwar taya a ciki don a riƙa gani.

Ina fitowa wani mutum da ke zama a gindin bishiyar ƙofar ofishin da ɗan teburinsa ya yafito ni. Ya ce ya ga fuskata ya san abin da aka faɗa mini a ciki, kada in wahalar da kaina. Zai buga mini takardar inshora cikin minti goma, da hatimi da komai, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma babu ɗan sandan da zai kalle ta sau biyu. Na tambaye shi in aka yi haɗari fa, ya ce in ce Allah ya tsare. Da na faɗa wa surukinka, ya ce rabin motocin da nake gani a titi da irin ta suke yawo, abokan aikinsa ma haka, don mutane sun gaji da biyan kamfanin da ba ya biya. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, Yaya, don ni ma na riƙe samfurin takardar a hannuna na daɗe ina juya ta. Abin da ya sa na ajiye shi ne waiwayen nan da na yi a kwanar gidan burodi. Da a ce ɗaya daga cikin yaran ƙafa ta karya, da wace fuska zan shiga gidan uwarta in ce mata takardar da nake ɗauke da ita ta nuna wa ɗan sanda ce kawai? Wanda yake ɗaukar kansa shi kaɗai ya yi cacar da ya ga dama. Ni amanar mutane nake ɗauka.

Mai saye ma ya zo, ina jin labarinsa ne ya iso maka. Mai sayar da kayan tsofaffin motoci ne. Ya zagaya Giwa yana harbin tayoyi da ƙafa, yana yi wa ƙofofi kuɗi daban, inji daban, kujeru daban, kamar mahauci a gaban saniya. Ya ce gangar jikin sai dai a auna a kilo. Abin da ya taya, in aka raba mu huɗu, kasonka ba zai biya maka kuɗin motar zuwa gida ba. Na san ba don kuɗin ka ce a sayar ba. Ka ji an ce haɗari, ka ji an ce yara, kana nesa ba ka da abin yi, sai ka ce a kawar da abin gaba ɗaya. Da ni ce a wurinka wataƙila haka zan ce.

Amma ka ji nawa. Kafin in fara wannan aiki, surukinka na fita da safe zan share ɗaki biyun nan, in ɗora girki, in ɗauki littafi, in yi ta rayuwar wasu mutane har ya dawo. Allah bai kawo mana namu 'ya'yan ba tukuna, gidan shiru kamar an yi sata. Ku duka kuna ce mini mai mafarki, kuma ban musa ba. Giwa ce ta fara sa aka jira ni a wani wuri. Ƙarfe bakwai saura kwata akwai yara biyar a tsaye a ƙofar gidajensu da jakunkuna, in ban zo ba babu mai zuwa. Na san wadda take amai in ta zauna a baya, na san wanda yake mance kwanon abincinsa kullum. Shi ne abu na farko da na iya da hannuna, kuma na iya shi.

Saboda haka na tara iyayen a falona na faɗa musu komai, ban rage ba, har da sakacina. Na ce in zan ci gaba sai da cikakkiyar inshorar haya wadda ta haɗa da yaransu, kuma dole abin da suke bayarwa ya ƙaru. Matar mai kantin magani ta ce in kuɗin taksi za ta biya gara ta ɗauki taksi, ta janye ɗanta, ban riƙe ta a zuciya ba don kowa ya san aljihunsa. Mai ɗinki kuwa ta ce a nuna mata direban taksin da zai share wa 'yarta hanci ya kuma jira har ta shige gida, ita ko za ta ƙara kwana a kan keke za ta biya. Huɗu sun tsaya. Yaya Nas ta samo mini abokan aikinta biyu masu yara a makarantar, Giwa kuma ka san mutum bakwai take ɗauka ba tare da an matsu ba. Ba riba mai yawa ba ce, shekarar farko ma kusan duk haraji da inshora za su cinye, amma za ta riƙe kanta, kuma daga ciki nake so in mayar wa surukinka injinsa. Shi da ya fara cewa in yi tunani a kan tayin mai saye, da ya ga na dage sai ya ce shi zai raka ni jarrabawar lasin ɗin haya, amma da sharaɗin in mai jarrabawar ya tambaye ni sunana, sunan kawai zan faɗa masa.

Ban kuma ƙyale kamfanin ba. Da na koma, matar kantar nan ta gane ni, ta sunkuyar da kai, ta rubuta mini a bayan wata takarda inda ake kai ƙorafin kamfanonin inshora. Na rubuta shafi uku, surukinka ya mayar da shi ɗaya, ya cire ruwan sama da hawayena ya bar kwanan wata da rasit. Abin da na nema shi ne ko su biya ɓarnar, ko su dawo da abin da suka karɓa na shekara uku. An ce ana daɗewa, kuma ba lallai in yi nasara ba. Na kai dai, an buga mini hatimi, zan kuma riƙa zuwa ina tuna musu har su gaji da ganina.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ba za a canza sunan motar ba sai duk magada sun sa hannu sun amince. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Yaya Nas ta sa nata a tsaye tana shirin fita aiki. Inna ta daɗe tana kallon sunan Baba a sama kafin ta sa, sannan ta ce shi da ya ƙi bashi da rai ba zai so a riƙa yin ƙarya da sunansa bayan ransa ba. Layinka ne kawai ya rage. Za a koma makaranta nan da mako uku, iyayen kuma sun ce za su jira ni zuwa ranar, in ban shirya ba dole su nemi wani. In kasonka kake so, wannan haƙƙinka ne, a samu mutumin kirki ya yi mata kuɗi in riƙa ba ka daga aikin. In kuma tsoro kake ji mini, to ka yi mini addu'a, ka sa hannu, ka aiko da wanda zai fi saurin zuwa.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata na gode da mayafin, ya yi mini daidai. Ka shafa mini kan 'yan biyu da Baban Gida, ka ce su dage da karatu. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, Yaya Nas da maigidanta suna gaisuwa, haka Goggo da Kawu, wanda ya ce in tuna maka da maganin idon da ka yi masa alkawari. Surukinka yana miƙa gaisuwar girma.

Ni dai na riga na yanke shawara, Yaya. Ba zan sayar da Giwa ba. Ranar da takardarka ta iso zan kai ta a mayar da ita motar haya da sunana, in biya abin da suka yanka, in koma bakin aikina.

Taka ƙanwa,
Auta